Shin Aikin Ƙarfi Yana Narkar Da Kitse?

Duk wanda ya tsaya a ƙofar sakatariyar gwamnati da misalin ƙarfe takwas na safe zai ga mutane iri biyu suna shiga. Akwai manyan ma'aikata waɗanda direba yake saukewa a gindin bene, babbar riga ta lulluɓe tumbi, kafin su kai hawa na biyu sun fara haki. Akwai kuma leburori da masu ban ruwan furanni da 'yan ga-ruwa masu tura kura, waɗanda tun asuba suke kan ƙafafunsu, jikinsu a murɗe kamar igiya, ba wurin da za a tsunkula a kamo kitse. Jama'a sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan bambanci, cewa aikin ƙarfi shi ke narkar da kitse, zaman kujera kuwa shi ke tara shi.

Hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, to amma binciken da masu ilmin kimiyya suka yi cikin shekaru saba'in da suka wuce ya nuna cewa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, rashin fahimtarsa kuwa yana jawo hasara. Sau da yawa akan sami ma'aikacin da likita ya umarta ya rage ƙiba saboda hawan jini, ya yi wata guda yana zagaya filin wasa da asuba, ya hau sikeli ya ga allura ba ta motsa ba, sai ya ajiye takalmansa ya ce ai ƙibarsa ta gado ce. Haka nan ɗalibin da ya ɗura siminti a gwangwanaye biyu, ya soka musu bututun ƙarfe yana ɗagawa a bayan ɗakin kwana. Bayan wata uku ya ga nauyinsa ƙaruwa ma ya yi, sai ya ɗauka wahalar banza ya sha. Dukansu biyu sun bar abin da yake amfanarsu saboda sun ba sikeli gaskiyar da bai cancanta ba.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 43 cikin ɗari na manyan mutane a duniya nauyinsu ya zarce ƙa'ida, kuma miliyan 890 daga cikinsu sun kai matsayin ƙibar da likitoci suke ɗauka cuta ce. A nan Nijeriya, babban binciken lafiyar jama'a na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, alhali kashi 12 kuma ramammu ne fiye da kima. Ƙibar ta fi yawa a birane da gidajen masu hali da masu ilmin boko, watau irin gidajen da wannan jarida take shiga.

Direba Da Kwandasta

Wanda ya fara bin diddigin wannan magana ta hanyar lissafi wani likita ne na Ingila, Dokta Jeremy Morris. Bayan yaƙin duniya na biyu ciwon zuciya ya yawaita a Ingila, sai Morris ya waiwayi ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Direba da kwandasta yanayin rayuwarsu kusan ɗaya ne. Bambancinsu shi ne direba yana zaune kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacin aikinsa, kwandasta kuwa yakan taka matakala 500 zuwa 750 a rana yana hawa yana sauka wajen karɓar kuɗi. Sakamakon da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1953 ya nuna cewa ciwon zuciya bai cika kama kwandastoci kamar direbobi ba, in ma ya kama su yakan zo a makare, bai kuma cika yin kisan farat ɗaya ba. Da ya duba ma'aikatan gidan waya sai ya tarar da irin haka tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis.

Abokan aikinsa suka kawo suka. Suka ce mai yiwuwa ne tun asali masu jiki ne suke neman tuƙi, sirara kuma su nemi aikin kwandasta. Morris ya je ya karɓo littafin awon wandunan da kamfanin yake ɗinka wa ma'aikatansa, ya buga abin da ya gani a 1956. Ashe masu sukar suna da hujja, gama ko a cikin samarin da ba su daɗe da kama aiki ba, ƙugun direbobi ya fi na kwandastoci faɗi. Amma da aka ci gaba da lissafi sai aka ga cewa kwandasta, siriri ne ko mai tumbi, ya fi direba mai irin jikinsa tsira daga mutuwar farat ɗaya. Tun daga nan aka fara gane cewa amfanin motsa jiki ga lafiya magana ɗaya ce, raguwar nauyi kuma wata magana ce dabam. Shi kansa Morris bai bar motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin Da Ke Kan Sikeli

Sikeli ba ya rarrabe abin da aka ɗora masa. Yana haɗa ƙashi da tsoka da kitse da kayan ciki da tuwon da aka ci jiya da dare, da kuma ruwa, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin namiji baligi. Masu cewa tsoka ta fi kitse nauyi suna nufin wani abu na gaskiya ne, ko da yake lafazin ya karkace, domin kilon auduga da kilon gishiri duk kilo ne. Bambancin a wurin da kowanne yake cinyewa yake. Lita guda ta tsoka tana da nauyin kilo 1.06, lita guda ta kitse kuwa kimanin kilo 0.9. Duk matar da ta taɓa dafa romo ta san wannan ba tare da lissafi ba, ta ga kitse yana tasowa sama, tsoka tana zama a gindin tukunya. Kilon kitse ya fi kilon tsoka cin wuri da kusan kashi 18 cikin ɗari. Saboda haka ɗalibin nan da ya zubar da kitse kilo biyu ya sami tsoka kilo biyu, sikeli zai ce masa bai yi kome ba, wandonsa kuwa zai ce masa ya ƙara huda bel.

Ruwa ma yana ruɗa mutane ta fuska biyu. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, kimanin rabin kilo, domin buƙatar gaggawa, kowane giram nasa kuma yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Wanda ya yanke cin tuwo da shinkafa rana ɗaya yakan ga ya sauke kilo biyu cikin mako guda ya yi murna, alhali mafi yawansa wannan ajiya ce da ruwanta, za su kuma dawo da zarar ya koma cin abinci. Wanda ya fara aikin ƙarfi bayan daɗewa yana zaune kuwa, tsokarsa takan ɗan kumbura ta riƙe ruwa a makonnin farko, sai nauyinsa ya hau. Masu naɗe ciki da leda ko su sa rigar sanyi su shiga rana don su yi gumi, ruwa kawai suke matsewa, kofi biyu sun isa su mayar da shi, ban da haɗarin jiri da faɗuwa a zafin bazara.

To amma kada wannan bayani ya zama mafaka. Tsoka ba ta tsirowa kamar ciyawar damina. Saurayi lafiyayye da ya fara ɗaga ƙarfe bisa tsari, yana cin abinci mai kyau, da wuya ya sami abin da ya wuce kilo guda na tsoka a wata, bayan shekarar farko ma abin raguwa yake yi, na mata kuma bai kai haka ba. Ma'aikacin da ya ƙara kilo biyar cikin wata biyu yana cewa tsoka ce yake tarawa, kansa yake ruɗi.

Lissafin Da Ke Karya Gwiwa

Ana auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Giram ɗaya na mai ko kitse yana da kalori 9, giram ɗaya na hatsi ko sukari ko abinci mai gina jiki kuwa 4. Abin da yakan ba mutane mamaki shi ne, ga mai aikin zaune, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da jikinsa yake ƙonawa a rana yana tafiya ne wajen raya jikin kawai, watau bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, ko da ya wuni a kwance. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin. Ɗan abin da ya rage shi ne rabon motsi.

Akan ji masu horas da 'yan wasa suna cewa tsoka murhu ce, wanda ya tara ta zai riƙa ƙona kitse ko yana barci. Lissafin da masana suke amfani da shi ya nuna kilo guda na tsoka, idan tana hutawa, kalori 13 take ƙonawa a rana, kilon kitse kuwa 4.5. Manyan masu cin itacen su ne kayan ciki: kilon hanta wajen 200, na ƙwaƙwalwa 240, na zuciya da ƙoda 440. Ke nan wanda ya yi shekara yana fama ya ƙara tsoka kilo uku, ribar da ya samu wajen ƙonawa yana barci ba ta kai kalori 40 a rana ba, ba ta ko kai rabin cokalin man gyaɗa ba, gama babban cokali guda na mai kalori 120 ne.

Tafiya ma haka. Mutum mai kilo 70 yakan ƙona kalori 50 zuwa 60 a kowace kilomita da ya taka. Kwalbar lemon kwalba mai rabin lita tana da fiye da kalori 200, watau tafiyar kilomita huɗu ke nan aka shanye a tsaye a bakin kanti. Kilo guda na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Idan da tafiya kaɗai za a biya shi, sai an taka kimanin kilomita 140, kusan nisan Kano zuwa Zariya. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikacin nan mai zagaya fili bai ga canji ba, musamman da yake yakan dawo da yunwa ya ƙara ƙosai da shayi mai kauri a kan abin da ya saba.

Daga Tanzaniya Zuwa Igbo-Ora

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A arewacin Tanzaniya, kusa da tafkin Eyasi, akwai wata ƙabila mai suna Hadza, waɗanda wasunsu suke rayuwa da farauta da tonon saiwoyi da ɗibar zuma. Wani masani Ba'amurke, Herman Pontzer, da abokan aikinsa suka auna abin da mutum 30 daga cikinsu suke ƙonawa a rana. Hanyar awon ita ce a ba mutum wani ruwa na musamman ya sha, a riƙa gwada fitsarinsa har kusan mako biyu, daga nan a lissafa abin da jikinsa ya ƙona. Mazan suna tafiyar kilomita 11 a rana, matan kusan 6, ban da tono da hawan itace da ɗaukar kaya. Kowa ya zaci za a same su suna ƙona ninkin abin da mutumin ofis yake ƙonawa. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai bambanta da na mazauna biranen Amurka da Turai ba.

Kafin wannan ma an ga irin haka a ƙasar nan. Masu bincike daga Jami'ar Loyola ta Shikago, tare da abokan aikinsu na Nijeriya, sun gwada mata 149 daga karkarar Igbo-Ora ta Jihar Oyo da mata baƙaƙen fata 172 na gefen birnin Shikago. Matan Nijeriya matsakaicin nauyinsu kilo 58 ne, na Amurka kilo 83. Rahoton da ya fito a 2008 ya ce da aka daidaita lissafi da girman jiki, ba a sami wani bambancin kirki ba a ƙarfin da ɓangarorin biyu suke kashewa wajen motsi. Inda suka rabu shi ne a akushi, waɗancan suna cin abincin gona mai ƙarancin mai, waɗannan kuma na kanti mai maiƙo da zaƙi.

Bayanin da masana suke bayarwa shi ne jiki ma'aji ne mai tsumulmula. Idan aka matsa masa ta wajen motsi sai ya rage kashewa ta wani wajen, mutum kuma yakan ƙara zama da kwanciya bayan aikin ba tare da ya lura ba. Wani bincike na 2021 a kan mutum 1,754 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace kalori 100 da aka ƙona ta hanyar ƙarin motsi, jiki yakan rama kimanin 28, saura 72 ke nan. Har yanzu masana suna muhawara a kan iyakar wannan ramuwa, amma an yarda tana nan. Sabo ma yana rage tsadar aiki. A 1986 an gwada matan Luo da Kikuyu na Kenya aka tarar suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu a ka ba tare da jikinsu ya ƙara ƙona wani abin a zo a gani ba. Mai tallan fura da ke zuwa daga ruga da ƙwarya a ka, jikinta ya koyi tafiyar da araha.

To me ya hana lebura ƙiba? Aiki yana da hannu, gama mai haƙa rami ko mai ɗaukar buhuna wuni guda yana iya ƙona kalori 3,500 ko fiye a ranar da aiki ya yi zafi. Amma babban dalili shi ne abin da yake shiga cikinsa bai wuce abin da yake fita ba. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Likitocin Ingila da suka yi shekaru da dama suna auna mutanen ƙauyen Keneba a ƙasar Gambiya sun rubuta yadda nauyin manya yake faɗuwa kowace damina, ya kuma dawo bayan kaka. Abin da yake faruwa ke nan a karkarar ƙasar Hausa, lokacin noman farko da maimai yakan zo daidai da lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Aiki da ƙarancin hatsi ne suka haɗu suka ramar da shi, ba fartanya kaɗai ba.

Kada a ce ke nan motsi ba shi da tasiri ko kaɗan. A 1999 Dokta James Levine na asibitin Mayo a Amurka ya ciyar da mutum 16 ƙarin kalori 1,000 kowace rana har mako takwas. Wani bai tara kitsen da ya kai rabin kilo ba, wani kuwa ya tara fiye da kilo huɗu. Waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda jikinsu ya ƙara ƙananan motsi na yau da kullum, tashi da zama da kai da kawowa. Masinjan da ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis yana da wannan garkuwa, maigidansa mai danna ƙararrawa ba shi da ita.

Amfanin Tsoka Na Ainihi

Idan tsoka ba murhu ba ce, me ya sa likitoci suke nacewa a gina ta? Amsar tana fitowa ne a lokacin da mutum yake rage cin abinci. Jikin da aka rage wa abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, yana haɗawa da naman kansa, akan ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da aka sauke ta hanyar rage ci kaɗai ba kitse ba ne. Misali mafi tsanani shi ne gwajin da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minesota daga 1944 zuwa 1945, inda samari 36 suka yarda aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24. Sun zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu yake ƙonawa yana hutawa ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari, ƙarfinsu ya tafi, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su suka ci yadda suke so, kitse ne ya riga tsoka dawowa, har ya zarce yadda yake da farko. Mai yin yunwar ganganci wata biyu ya sake, ya kuma maimaita baɗi, ƙaramin wannan gwaji yake yi wa kansa.

Aikin da yake sa tsoka ta yi dako shi ne yake hana jiki cin ta. A 2017 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka da tsofaffi masu ƙiba 160 na tsawon mako 26. Waɗanda aka rage wa abinci aka kuma sa su motsa jiki duk sun sauke kimanin kashi 9 cikin ɗari na nauyinsu. Amma masu tafiya da tuƙa keke kaɗai sun rasa kashi 5 cikin ɗari na naman jikinsu, masu ɗaga nauyi kashi 2, masu haɗa biyun kashi 3, su ne kuma suka fi samun ƙarfin tashi da tafiya da hawan bene. Wani gwajin na Jami'ar Duke a 2012, da mutum 119 cikin wata takwas, ya nuna masu gudu da tafiya sun fi rage nauyi da kitse, masu ɗaga ƙarfe kaɗai kuwa sun ƙara tsoka, nauyinsu bai ragu ba. Kowane aiki da abin da yake biya.

Daɗin daɗawa, tsoka ita ce babbar ma'ajiyar sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, tsokar da take aiki kuma ta fi karɓarsa da sauri. Ga mutumin da ciwon sukari yake cikin danginsa, wannan kaɗai ya isa dalili. Sa'an nan tsoka tana zaizayewa da shekaru, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan an wuce talatin, idan ba a amfani da ita. Ma'aikacin da yake alfahari cewa nauyinsa bai canja ba tun ranar da ya kama aiki, mai yiwuwa ne tsoka ta tafi kitse ya maye gurbinta kilo da kilo. Ba wai ɗaya ce take rikiɗa ta zama ɗaya ba, nama ne iri biyu dabam. Masu ɗora wa shekaru laifin tumbi kuma su ji: wani babban bincike na 2021 a kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29 ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, yadda jiki yake ƙona abinci ba ya raguwa tsakanin shekara 20 da 60. Abin da yakan canja a shekara arba'in shi ne matsayi da mota da yawan walima.

Tumbi shi ne abin da ya fi damun masu karatu, shi ne kuma ya fi haɗari, domin kitsen da ke kewaye da hanji da hanta ya fi na cinya da ɗuwawu alaƙa da ciwon sukari da na zuciya. Sai dai ba a zaɓar wurin da kitse zai narke. Tun 1971 aka auna hannayen 'yan wasan tanis aka ga hannun da suke bugu da shi ya fi tsoka, amma kaurin kitsen hannayen biyu ɗaya ne. Kwanciya ana tashi sau ɗari yana ƙarfafa tsokar ciki, kitsen da ya rufe ta kuwa sai jiki duka ya ragu. Abin farin ciki shi ne kitsen cikin ciki yana daga cikin waɗanda suke saurin amsa motsa jiki, yakan ragu ko da sikeli bai nuna ba. Kitsen da ya narke kuma ba ta gumi yake fita ba. Lissafin da wasu masana biyu na Ostareliya suka buga a 2014 ya nuna cewa a cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da ake fitarwa wajen numfashi, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa.

Siririn Da Ba Lafiyayye Ba

Bai kamata mai aikin ofis ya riƙa yi wa ɗan dako kallon wanda ya dace ba. Wani bincike da aka yi a Kofanhagan ta ƙasar Denmak a kan mutum fiye da 104,000, aka buga a 2021, ya nuna cewa motsa jiki na lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, aikin ƙarfi mai tsanani na neman abinci kuwa yana tafiya da ƙaruwarsu. Dalilin da ake bayarwa shi ne mai wasa yana yin minti arba'in ya huta, lebura kuwa yana wuni yana ɗaga kaya jininsa a sama, gobe ya koma tun jiki bai warware ba. A nan sai a ƙara masa da zafin rana da ciwon baya da na gwiwa da rashin isasshen abinci mai gina jiki.

Ranar da irin wannan mutum ya sami sauƙi kuma, wani haɗarin yake jiransa. Leburan da ya zama helma, da ɗan ga-ruwan da ya sami babur na haya, da sojan da ya yi ritaya, da ɗan ƙwallon makaranta da ya kama aikin akawu, duk aiki yakan tsaya cikin ya ci gaba da neman mudun da ya saba. Ba a jima ba sai tumbi ya fito, mutanen unguwa su ce hutu ya karɓe shi. Akwai ma masu neman wannan alamar hutu da kuɗinsu, suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna cinye tsoka, suna kuma tayar da sukari da hawan jini.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da take sa numfashi ya ɗan hau amma ana iya magana, tare da aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Wannan ba ya bukatar kuɗin shiga kulob. Jarka mai lita 20 cike da ruwa kilo 20 ce. Tsugunawa da tashi, da dogarawa da hannu a ƙasa ana tura jiki, da hawan benen sakatariya da ƙafa, da noman 'yar gonar bayan gida, duk suna cikin lissafi, muddin ana ƙara nauyin ko yawan a hankali yayin da jiki ya saba. Abincin gina tsoka kuma yana nan a kasuwa, wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai da kifi da awara, ɗalibi ba ya bukatar garin gwangwani na ƙasar waje, balle allurar da take lalata hanta da zuciya. Wanda yake son nauyi ya sauka, lalle ne ya haɗa da rage mai a miya, da sukari a shayi, da lemon kwalba, da malmala ta biyu da dare. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya fara ɗaga kaya masu nauyi.

Wajen awo kuwa, tef ɗin tela ya fi sikeli faɗar gaskiya. Ma'aunin da asibitoci suke amfani da shi na gwada nauyi da tsawo ba ya bambanta tsoka da kitse, yana iya sa ɗan kokawa cikin masu ƙiba, ya kuma wanke siririn akawu mai ɗan tumbi. Likitoci suna ɗaukar ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, a matsayin alamar gargaɗi. Wata ƙa'ida mai sauƙi da hukumar ba da shawara kan lafiya ta Ingila ta amince da ita a 2022 ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, watau mai tsawon santimita 170 kada nasa ya kai 85. Ana aunawa da safe kafin a karya, a tsaye, tef a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, bayan an fitar da numfashi ba tare da an tsuke ciki ba. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, a rubuta a littafi tare da kwanan wata, a kuma ba abin wata uku kafin a kwatanta lambar farko da ta ƙarshe.